Kwamfutar Gyaran Hoto da Haɗa Bidiyo: Me Ya Sa Tambarin i7 Kaɗai Ba Ya Wadatarwa?

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a zaurukan WhatsApp na Hausawan Makka da Jidda, da na ɗalibanmu na Madina: wace kwamfuta ce ta dace da mai son gyaran hoto da haɗa bidiyo? Tun ƙarshen 2025 kuma ta sami ƙanwa: me ya sa kuɗin da ya ishi wane ya saya a watannin baya, yanzu ba ya kai mutum ko'ina? Amsoshin da ake jefowa gajeru ne. Wannan ya ce a nemi i7, wato wani aji na furosesar Intel, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta. Wancan ya ce MacBook kawai, magana ta ƙare. Na uku ya ce duk kwamfutar da ke ɗaukar wasannin gem za ta ɗauki editin. Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma na ga yaran da suka bi ɗaya daga ciki ido rufe, suka zuba riyal dubu uku ko huɗu a kan na'urar da ke sarƙewa da zarar an ɗora mata bidiyon biki guda.

Na daɗe ina wannan sana'a a Jidda, daga hotunan ɗaurin aure da suna zuwa bidiyon walimar sauka da gajerun tallace-tallace na masu jigilar 'yan Umara. Abin da na lura shi ne daga wutsiya ake kamo tambayar. Kafin a nemi sunan kwamfuta, akwai abu uku da ya kamata mutum ya sani: wace waya ko kyamara ce ke ɗaukar aikinsa, da wace manhaja zai gyara shi, kuma a ina mutane za su kalle shi. Waɗannan ne ke zaɓar kwamfutar.

Me ya tayar da ƙurar yanzu?

Abu biyu ne suka haɗu. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10, sai ɗan ƙarin wa'adin tsaro zuwa Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Ita kuwa Windows 11 ba kowace na'ura take karɓa ba. A ɓangaren Intel galibi sai furosesa ta zubi na 8 zuwa sama, tare da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ofisoshi suka fara sauke tsofaffin kwamfutocinsu, da yawa kuma suka ƙare a Haraj, manhajar saye da sayarwa ta Saudiyya, da shagunan kayan hannu, an goge su fes, tambarin i7 yana ƙyalli, farashi mai jan hankali.

Na biyu shi ne tsadar RAM, wurin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take ciki. Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwarta a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka shiga sayen ta ba ƙaƙƙautawa, sai masana'antun suka karkata inda riba ta fi tsoka. A Disamba 2025 Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa talakawan masu saye kayansa mai suna Crucial, wanda shi ne da yawa cikinmu muka saba ƙara wa kwamfutocinmu. Farashin wasu nau'o'in RAM ya ninka, na ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD ma ya bi sahu. Riyal dai a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, don haka wannan tashin ba daga canji ya zo ba. Amma ɗalibin da ake turo wa naira daga gida duka biyu yake sha, ga tsadar kaya, ga ta canji.

Aikin hoto daban, na bidiyo daban

Hoto a tsaye yake. Ko da an ɗauke shi a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta taɓa ba, guda ɗaya daga kyamara mai ɗigo miliyan 24 ba ya cika wuce mega 25 zuwa 50. Abin da manhajojin gyaran hoto irin su Lightroom da Photoshop suka fi buƙata shi ne furosesa mai hanzari, RAM mai yalwa, da allo mai faɗin gaskiya game da launi.

Bidiyo kuwa hotuna ne 25, ko 30, ko 60 a kowace daƙiƙa. Bidiyon 1080 yana da ɗigo kusan miliyan 2 a kowane hoto. Na 4K, wato 3840 sau 2160, yana da sama da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Sai dai ba yawan ɗigo kaɗai ke galabaitar da kwamfuta ba. Akwai abin da mutane ba su cika sani ba, salon da aka matse bidiyon da shi, wanda masu sana'ar ke ce wa kodek.

Duk wanda ya taɓa ɗaure wa alhaji jakar tsaraba ya san yadda ake danne kaya har zik ya rufu da ƙyar. Jakar ta zama ƙarama, amma ranar da aka ce a ciro hula ɗaya daga tsakiya, sai an kwance rabin kayan. Haka H.264 da H.265 suke, wanda na biyun ake kuma kira HEVC. Suna ajiye cikakken hoto guda, sannan su riƙa rubuta bambancin da ke tsakaninsa da na gaba kawai. Kallon irin wannan bidiyo ba wuya. Yankan sa da ja da baya da ja gaba shi ne aiki, domin a kowane motsi sai kwamfuta ta kwance jakar. iPhone tun 2017 da HEVC take ɗauka in ba a canza mata ba, minti ɗaya na 4K mai hoto 30 bai wuce mega 170 ba. Wannan mintin a tsarin ProRes, da aka fara sa wa iPhone 13 Pro a 2021, yana cin kusan giga 6. Abin mamaki ga sabon shiga shi ne ƙaton fayil ɗin ya fi ƙaramin sauƙin yanka, don kayansa a shimfiɗe suke.

Wasu kwamfutocin suna da ɗan sashe na musamman wanda aikinsa kawai kwance wannan jaka. Na Intel sunansa Quick Sync, yana nan tun 2011 kuma kowane zubi ana ƙara masa irin kodek ɗin da yake ganewa. Katunan Nvidia da AMD suna da nasu, furosesoshin Apple na jerin M ma haka. Idan sashen ya gane fayil ɗinka, aiki zai tafi sumul ko da kwamfutar matsakaiciya ce. Idan bai gane ba, nauyin ya koma kan furosesa, fanka ta kama ihu. Misali, kyamarorin Sony da Canon na zamani suna ɗaukar HEVC mai zurfin launi da ake rubuta wa 10-bit 4:2:2. Intel daga zubi na 11 da Apple jerin M suna kwance shi kai tsaye, amma katunan Nvidia ba su fara ba sai a jerin RTX 50 na 2025. Mutum na iya sayen kwamfutar gem mai tsada ta gaza a kan wannan fayil, wata da ba ta kai ta kuɗi ba ta wuce da shi.

Maganar i7

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ya kira ni wata rana da murna. Ya tara ɗan alawus ɗinsa, ya sami laftof a Haraj.

"Kawu, i7 ce fa, kuma mai ita ya ce kamar sabuwa."

Na ce, "Madalla. Karanto min lambar da ke bayan i7 ɗin."

Ya duba, ya ce, "7500U."

Na ce masa kada ya ba da ko riyal ɗaya na kafin alƙalami. Ga dalili. Lambar farko, 7, ita ce zubin, na 2016 ke nan, kuma Windows 11 ba ta karɓar ta. Harafin ƙarshe, U, yana nufin an yi ta ne don tattalin batir, aikin ofis da karatu. Kowace furosesa tana da ma'aikata a cikinta da ake ce wa kor, ita wannan biyu gare ta. i5-8250U da ta fito shekara ɗaya bayanta tana da huɗu. i5-12450H ta 2022 tana da takwas. Wato i5 ta baya-bayan nan ta yi wa wannan i7 fintinkau. Sunan i7 matsayi ne a cikin 'yan zubi ɗaya, ba ya gaya maka komai game da wani zubin.

Don aikin bidiyo a laftof, harafin H ko HX ake nema a Intel, HS ko H ko HX a Ryzen na AMD. Tun Disamba 2023 Intel ta fito da sabon suna, Core Ultra, wanda ya ƙara rikita masu saye, amma dabarar ba ta canza ba: a rubuta cikakkiyar lambar a nemi shekararta da yawan kor ɗinta. Mai haɗa kwamfutar tebur kuma ya kula da harafin F a ƙarshen lambar Intel. Yana nufin an cire mata sashen hoto, Quick Sync ma ya tafi tare da shi. 'Yan gem ba su damu ba, mai editin ya kamata ya damu.

RAM da ma'ajiya

RAM tamkar teburin tela ce, ma'ajiya kuma ita ce kabad. Tebur ƙarami yana sa a riƙa naɗe yadi ana mayarwa kabad kafin a shimfiɗa wani. Adobe da kansa yana ba da shawarar giga 16 don bidiyon 1080 a Premiere, manhajarsa ta haɗa bidiyo, giga 32 ko fiye don 4K. Giga 8 a yau ba ta editin ba ce, ko wane tambari ke jikin kwamfutar. A wannan yanayi na tsada, tambayar da ta fi muhimmanci a shago ita ce: RAM ɗin a manne take da cikin kwamfutar, ko akwai ramin ƙari? Siraran laftof da yawa, da duk Mac mai jerin M, a manne suke zuwa. Abin da ka saya da shi, da shi za ka rabu da ita. Wadda ke da rami kuwa, za ka iya farawa da 16 ka jira kasuwa ta sauko.

Ma'ajiya ba ta buƙatar dogon bayani. Tsohon had disk mai faifai yana karanta mega 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD ta SATA kusan 550, ta NVMe daga 3,500 har 7,000. Manhaja da aikin da ake ciki su zauna a SSD, had disk ya zama rumbun ajiyar abin da aka gama. Giga 256 ba ta kai ko'ina. Kyamarar da ke ɗauka a kan megabit 100 tana cin giga 45 a awa ɗaya, bikin Hausawa kuwa daga kamu zuwa walima ba awa ɗaya ba ne. A fara da 512 in dole, tera 1 in da hali. Kuma kada bikin mutane ya kwana a wuri ɗaya tak. Ranar ɗaurin aure ba ta maimaituwa.

Katin hoto: wa ke buƙatarsa?

Wanda aikinsa CapCut ne, yankan gajerun bidiyon 1080 na TikTok da Snapchat, zai iya rayuwa ba tare da keɓaɓɓen katin hoto ba. Mai DaVinci Resolve a Windows kuwa zai sha wuya in babu shi, domin gyaran launi da rage dusar hoto duk a kan katin suke hawa. Lightroom ma tun da ya kawo Denoise a 2023, mai share dusar hotunan da aka ɗauka a ƙarancin haske, katin yake dogaro da shi. Hoton da kati mai kyau ke gamawa cikin daƙiƙoƙi yana iya cin mintuna a na'urar da ba ta da shi, ka lissafa hakan sau hotuna ɗari uku na daren biki.

Abu biyu ake dubawa. Na farko ƙwaƙwalwar katin: RTX 4050 na laftof giga 6 ne, 4060 da 4070 na laftof duka giga 8. Don 4K kada a sauka ƙasa da 6, 8 ta fi kwanciyar hankali. Na biyu ƙarfin wutar da aka ba shi. RTX 4060 ɗaya ana iya sa shi a kan wat 35 a siririyar laftof, ko wat 115 a mai kauri. Suna ɗaya, aiki ba ɗaya ba, kuma ba kasafai ake rubuta wannan a takardar farashi ba.

Allo, inda aka fi tafka asara

A nan zan daɗe, don a nan na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na sayi laftof ta gem mai ƙarfi, ban tambayi komai game da allonta ba. Aikin farko da na yi da ita bikin 'yar wata Hajiya ne a wata istiraha, wato gidan taron biki, a kudancin Jidda. Ankon leshi ne ruwan goro. A allona launin ya fito a dushe, fuskokin mata kamar an yayyafa musu toka, sai na yi ta ƙara wa launi ƙarfi har ya yi min daidai a ido. Na tura hotuna da daddare. Da safe Hajiya ta kira.

"Ɗana, wannan ba kalar ankonmu ba ce. Ja zur nake gani. Ita ma amarya fuskarta kamar an shafa mata manja."

Na buɗe hoton a wayata, na ga gaskiyarta. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki ba ni kwana biyu." Na ari allon wani abokin sana'a na sake hotuna sama da ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai, domin hotunan nan har an fara tura su Kano da Damagaram.

Matsalar ita ce kowane allo yana da iyakar launukan da yake iya nunawa. Ma'aunin da intanet ke tafiya a kai shi ne sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996. Laftof masu sauƙin kuɗi da yawa, har da na gem, ana rubuta musu 45% NTSC, wani ma'aunin launi na daban, wanda bai kai kashi biyu cikin uku na sRGB ba. Irin wannan allo ba ya iya nuna cikakken ja ko kore, sai mai gyara ya yi ta ƙarawa, alhali wayoyin da za a kalli hoton a kansu suna nuna launi fiye da sRGB ma. Abin da ake nema shi ne 100% sRGB, ko 72% NTSC da ke kusa da shi. In an sami DCI-P3, ma'aunin da iPhone da MacBook ke amfani da shi, ya fi. Adobe RGB na masu buga hoto a takarda ne a babban mataki, yawancinmu ba mu buƙatarsa.

Kada lambar 144Hz ko 165Hz ta ruɗi mutum. Wannan saurin motsin allo ne don wasa, ba ruwansa da launi. A nemi nau'in IPS ko OLED, haske kuma kada ya gaza nit 300.

Wannan batu ya fi shafar mu fiye da wasu. Hoton da ya fi kowanne wuya a ƙasar nan shi ne baƙar fuska a cikin farin harami, a tsakar rana, ga farin marmara yana mayar da haske. Idan allo ba ya rarrabe matakan duhu, fuskar za ta dunƙule ta zama inuwa, ko a buɗe ta har haramin ya ƙone ya rasa zarensa. Alhajin da ya tara kuɗi shekara da shekaru ya zo, wannan hoton ne zai rataye a falonsa. Ya cancanci a ga fuskarsa yadda Allah ya yi ta.

Akwai wata matsalar da ake ɗora wa kwamfuta alhali ba laifinta ba ne. Tun iPhone 12 ta 2020 wayar tana ɗaukar bidiyo a HDR, tsarin da ke riƙe haske mai ƙarfi fiye da na bidiyon yau da kullum. In an jefa shi cikin aiki na yau da kullum sai ya fito fari fat, kamar an wanke shi. Maganinsa a saitin launi na manhajar yake, ko a kashe HDR kafin ɗauka. Haka ma ƙyaftawar fitila a bidiyo: wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Nijeriya da Nijar 50Hz, don haka kyamarar da aka saita a gida kan hoto 25 tana iya kawo layuka a ƙarƙashin fitilun ɗakin biki a nan. Sabuwar kwamfuta ba za ta gyara wannan ba.

Mac ko Windows?

Masu Mac suna da hujja mai ƙarfi tun Nuwamba 2020 da Apple ta fito da M1. Allonsu amintacce ne tun daga kwali, suna kwance HEVC ba wahala, kuma ƙarfinsu ba ya raguwa in an cire caja, saɓanin laftof ta gem wadda ke rage gudu sosai a kan batir. Tun Oktoba 2024 MacBook Air mafi ƙanƙanta ma da giga 16 take zuwa. Mac mini mai M4 ta fito a kan dala 599, kusan riyal 2,250 kafin haraji, ga wanda ke da allo mai kyau a ɗaki.

Masu Windows su ma ba su rasa ta cewa ba. Ana iya ƙara RAM da SSD a da yawa daga cikinsu, masu gyara sun fi yawa a nan da gida, kuma kuɗin MacBook Pro ɗaya yana haɗa kwamfutar tebur mai katin Nvidia har da allo. MacBook Air ba ta da fanka, don haka a doguwar fitar da bidiyo tana rage gudu don ta huce. Ƙarin RAM ko ma'ajiya a wurin Apple kuma tsada gare shi.

Ra'ayina shi ne manhaja ce ke raba gardamar. Final Cut Pro ta Apple ba ta hawa Windows. Premiere, Lightroom, CapCut da Resolve suna aiki a duka biyun. Resolve tana da ta kyauta da ta ishi yawancin aiki, ta kuɗin kuma dala 295 ce sau ɗaya. Mai yawo tsakanin Makka da Madina a lokacin aikin Hajji, yana gyara a mota da masauki, Mac ta fi masa. Mai zama wuri ɗaya da ke son ƙarfi da arha, Windows. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne tsohuwar Mac mai furosesar Intel, komai kyan jikinta, domin Apple ta sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kansu, ita ma ba dukkansu ba.

Zafi da ƙura

Apple tana rubuta cewa a yi amfani da laftof ɗinta tsakanin digiri 10 zuwa 35. A Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Makka. Idan furosesa ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa kwamfutar da ta yi gudu a shago mai sanyi take ja da ƙafa a ɗakin da mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya gaji. Mu kuma a ƙasa muke zama, a kan kafet ko katifa, inda ramukan iskar laftof ke toshewa. Ɗan katako ko tire a ƙarƙashinta ya wadatar. A buɗe ta a kaɗe ƙura aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kada a bar ta a mota da rana. Siririyar laftof kyau gare ta a hannu, amma mai kauri da fanka biyu ta fi jure wannan ƙasa.

Wanda ya san nan da shekara biyu zai koma gida ya sa wutar gida a lissafi. Kwamfutar tebur mai katin hoto tana son wuta tsayayya da inbata mai ƙarfi. Cajar laftof kuwa tana karɓar bolt 100 zuwa 240, kuma filogin Saudiyya mai baki uku iri ɗaya ne da na Nijeriya, ɗan Nijar ne zai nemi adafta. A jirgi laftof a jakar hannu take tafiya, ƙa'idar batir wat-awa 100 ce, shi ya sa manyan laftof ke tsayawa daf da wannan iyaka.

Saye a nan: sabuwa ko ta hannu?

Sabuwa daga Jarir ko eXtra ko wani shago mai rajista tana da kariyar doka. Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta garantin shekara biyu a kan kayan lantarki, kuma wanda aka hana shi haƙƙinsa yana iya kai ƙorafi ta lambar 1900 ko manhajar Balagh Tijari. Fatura, wato rasit, ita ce makaminka, a ɗauke ta hoto ranar da aka saya. Harajin kaya kashi 15 cikin 100 ne tun Yuli 2020, a tabbata yana cikin farashin da aka faɗa. Alhazan da ke saya wa 'ya'yansu kwamfuta tsaraba su tambaya ko garantin yana aiki a wajen Saudiyya, don sau da yawa na wakilin cikin ƙasa ne kawai. Rangwamen Farar Juma'a a watan Nuwamba yana da amfani, sai dai a lokacin ne ake fitar da masu allon 45% NTSC da giga 8 a manne. Manhajojin Tabby da Tamara suna raba biyan kuɗi kashi-kashi, wanda ke sa mutum ya hango abin da ya fi ƙarfinsa. In za a ƙara kuɗi, a ƙara shi a kan RAM da allo.

Ta hannu ba laifi ba ce, ni ma na saya. Amma a ga juna ido da ido, a kunna ta a gabanka. A Windows a duba rahoton batir da lafiyar SSD, a shiga BIOS, wato saitin tushen kwamfutar, a tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba. A Mac, mai ita ya fita daga iCloud a gabanka, a goge ta a sake kunnawa, a ga ko za ta nemi asusun wani ko ta ce mallakar wani kamfani ce. Mac mai irin wannan kulle ba ta da amfani a hannunka.

Wanda kuɗinsa bai kai ba kuma kada ya ajiye sana'a. Premiere da Resolve da Final Cut duk suna iya yin furoksi, wato kwafi mara nauyi na bidiyon. A kansa ake yanka, sai a ƙarshe manhajar ta koma kan na asali ta fitar da aiki. Yana cin lokaci a farko, amma da shi kwamfuta matsakaiciya take gama bikin 4K.

Gwajin da nake sa kowa ya yi ba ya cin kuɗi. A zuba bidiyon minti biyu daga wayarka ko kyamararka a filashi, da hoto ɗaya na fuskar da ka sani sosai. A buɗe bidiyon a manhajar da za ka yi aiki da ita, a ja shi gaba da baya, a fitar da shi ana duba agogo, hannu a kan ramin iska. Sannan a buɗe hoton a allon, a ɗora wayarka kusa da shi da hoton iri ɗaya. Mai sayarwa a Haraj da ya ƙi wannan gwaji, a yi masa sallama.

Ɗan ƙanwata ya haƙura da waccan i7. Bayan wata biyu ya zo Jidda hutu, muka zaga kasuwar kwamfuta ta titin Khalid bin Walid da filashinsa a aljihu. Mun gwada huɗu. Ya ɗauki ta hannu mai Ryzen 7 da RTX 3060, allonta 100% sRGB, RAM giga 16 da rami ɗaya a buɗe. Da ita yake haɗa karatuttukan malamansu yanzu, da furoksi in aikin ya yi nauyi, yana jiran farashi ya sauko ya cike ramin.